Gudu a Kan Dutsen Kamaru

 Yau za mu bar filin ƙwallo ya huta, mu nufi kudu maso yammacin Kamaru, garin Buea, inda kowace shekara a watan Fabrairu ɗaruruwan maza da mata ke tashi da sanyin safiya su hau dutse a guje, su taɓa ƙololuwarsa, su sauko tun rana ba ta karya ba.

Dutsen da ake magana shi ne Dutsen Kamaru, wanda mutanen wurin ke kira Fako. Tsawonsa ya haura mita 4,000, kuma daga nan har Senegal babu wanda ya kamo ƙafarsa. Don ku gane girman abin, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ga shi kuma Fako daga bakin teku ya taso, babu wani tudu da ya ɗora shi a kai. Sannan dutse ne mai aman wuta wanda bai mutu ba. Ya yi aman a 1909 da 1922, ya sake a 1954 da 1959 da 1982. A 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse titin da ya tashi daga Limbe zuwa Idenau a kusa da ƙauyen Bakingili, ya tsaya dab da teku. A 2000 ma ya sake motsawa. To, a kan wannan ne ake tsere.

Kamfanin Guinness ne ya fara shirya gasar a 1973, shi ya sa har gobe babbar hanyar hawa da sunan kamfanin ake kiranta. Wanda ya fara lashewa ɗan ƙasa ne, John Ekema, daga ƙabilar Bakweri masu dutsen, kuma ya kwashe kusan sa'o'i shida. A 1996 hukumar wasannin guje-guje ta Kamaru ta karɓi ragama, aka sa wa gasar sunan Tseren Fata. Yau tafiyar, zuwa da dawowa, kimanin kilomita 38 ce, kuma gwanayen maza kan gama a sa'o'i huɗu da rabi ko kusa da haka. Baƙo mai yawon buɗe ido, da ɗan jagora da 'yan dako, kwana biyu ko uku yake yi a kan wannan hanyar.

Ku biyo ni mu bi ta daki-daki, domin duk wanda ya san abin da yake wucewa a gefen hanyar nan ya karanta rabin tarihin Kamaru.

Ana tashi daga filin wasa na Molyko, can ƙasan gari, unguwar da ɗaliban Jami'ar Buea suka cika. Daga ƙofar filin titin kwalta ne miƙaƙƙe, amma tun daga taku na farko hawa ne. Buea gari ne da aka jingina a jikin dutse, babban titinsa ɗaya ne, kuma sama kawai ya sani. 'Yan tsere na ratsa Soppo, inda Jamusawa suka kafa barikin sojansu. Suna wuce unguwar da Ingilishi suka gina wa akawunansu, wadda har yau ake kiranta da sunan akawunan. Can sama kuma ga gidan gwamna Jesko von Puttkamer, wanda aka gina da fasalin gidajen sarautar Jamus lokacin da aka ɗauke hedkwatar mulki daga Duwala aka kawo ta Buea a 1901. Dalilin ƙaurar ba ɓoyayye ba ne: zafi da zazzaɓin cizon sauro sun addabi Turawa a bakin ruwa, nan kuwa akwai sanyi.

Sai dai kafin Bature ya sha wannan sanyin, jini ya zuba. A 1891 wani hafsan Jamus, Karl von Gravenreuth, ya taso da mayaƙa zai murƙushe Buea. Sarkin Bakweri, Kuva Likenye, ya tare shi, kuma a nan Gravenreuth ya bar ransa. Sai a ƙarshen 1894 Jamusawa suka dawo da shiri suka ci garin. Abin da ya biyo baya shi ne ƙwace ƙasa. Gangaren dutsen nan, da tokar aman wuta ta mai da shi ƙasa mai albarka, aka yanka shi manyan gonaki na koko da roba da kwakwar manja, aka matse Bakweri a 'yan guntayen filaye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gonakin suka koma hannun kamfanin gwamnati na CDC, wanda ya fara aiki a 1947, kuma har yau Bakweri ba su daina neman haƙƙin ƙasarsu ba.

Mu ma muna da hannu a labarin, ko da yake yaran yanzu da yawa ba su sani ba. Bayan an kori Jamusawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta haɗa wannan yanki da Najeriya wajen mulki. Buea ta zama hedkwatar Kudancin Kamaru, 'yan siyasarta irin su Dakta Endeley suna zama a majalisun Najeriya. A ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961, Kudancin Kamaru ya zaɓi bin Yawunde, Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila kuma ya zaɓi Najeriya ya zama Lardin Sardauna. Da ƙuri'ar ta juya, da yau muna cewa dutse mafi tsawo a Najeriya yana Buea. Wannan dai zance ne na da ma.

Kwalta na ƙarewa a wurin gonar gidan yari da ke saman gari. Daga nan sai daji. Itatuwa dogaye, inuwa, danshi, saiwoyi sun yi kwance a hanya suna jiran ƙafar wanda ya yi sakaci. A wajejen mita 1,800 da wani abu ake isa zango na ɗaya, wato bukkar farko da aka gina wa matafiya. Ba a jima da wuce ta ba daji ke yankewa kamar an sa wuƙa, mutum ya fito fili, ciyawa da baƙin dutse, kuma a nan ne hanya ke miƙewa tsaye. Tsakanin zango na ɗaya da na biyu ne mafi tsananin hawa. Gudu ya ƙare a nan, ko gwani tafiya yake yi, hannu a kan gwiwa, wani wurin har da rarrafe. Akwai wata bishiya guda ɗaya tilo a gangaren, da mahaya ke kira bishiyar sihiri, domin kana hango ta kamar ka miƙa hannu ka taɓa, ka yi ta tafiya ba ta matsowa.

Zango na biyu yana wajejen mita 2,800, na uku kuma ya haura 3,700. Daga nan babu itace, babu ciyawar kirki, sai tsakuwar aman wuta da iska mai kaɗa mutum. Ku tuna cewa duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri shida. Wanda ya bar Molyko yana gumi cikin 'yar shara zai iske ƙololuwa da sanyin da ke sandarar da yatsu. Iskar da yake shaƙa kuma tana ba shi kashi 60 cikin 100 ne kawai na abin da yake samu a bakin teku, ko ɗan sama da haka. Masana hawan dutse kan ce a hau a hankali, a kwana a hanya, jiki ya saba. Waɗannan bayin Allah kuwa cikin sa'o'i uku suke haye sama da mita 3,000. Ciwon kai, jiri, amai, duk a cikin lissafi suke.

Wanda bai san wasan ba zai ɗauka da an taɓa ƙololuwa an gama da wuya. Ina! Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a dutsen nan miya a sama take ƙarewa. Saukowa ce ke raba gwani da ɗan koyo. A hawa huhu da zuciya ke wahala. A saukowa naman cinya ne ke aikin birki, yana miƙewa yana riƙe nauyin jiki a lokaci guda, sau dubbai, har zarensa ya riƙa tsinkewa a ciki. Ƙasa kuma tsakuwa ce mai zamewa, dutsen da ke gefe yana da kaifi, faɗuwa ɗaya ta isa ta fasa gwiwa ko ta yage tafin hannu. Gwanayen sauka ba sa taka birki sosai. Sakin jiki suke yi, gajerun taku masu sauri, ido na kallon inda ƙafa za ta sauka nan da taku uku. Wannan ba a koyonsa a filin wasa mai shimfiɗa. Bayan duk wannan kuma, sai mutum ya fito daga daji ya tarar da kwalta ta ɗauki zafin rana tana jiransa, kilomitoci na gangara a kan ƙafafun da suka riga suka mutu, jama'a maƙil a gefen titi suna ihu.

Wannan ne ya sa 'yan Kenya da Habasha, waɗanda suka gagari duniya a gudun dogon zango a kan titi, ba su mai da gasar nan gonarsu ba. Baƙi sun taɓa cin ta, gaskiya ne. Wani limamin coci ɗan Italiya, Walter Stifter, ya lashe sau uku a shekarun 1970, kuma daga baya 'yan Birtaniya da Suwizalan, mutanen da su ma a kan duwatsu suka tashi, sun ɗauki kofi. Amma tun da aka shiga zamanin Tseren Fata, 'yan gida ne ke riƙe da ita. Abin lura kuma shi ne akasarin zakarun yanzu daga yankin Arewa maso Yamma suke fitowa, ƙasar tuddai ta wajejen Kumbo da Nkambe, wadda ta yi iyaka da tsaunukan Mambila. Godlove Gabsibuin ya lashe sau da dama a ɓangaren maza, Yvonne Ngwaya da Tata Carine sun yi haka a ɓangaren mata. A 'yan shekarun nan kuma 'ya'yan Fulani makiyaya na waɗannan tuddai sun shigo sahun gaba. Ba abin mamaki ba ne. Yaron da ya tashi yana bin shanu gangare da tudu tun yana ɗan shekara bakwai ya riga ya yi atisayen da babu kocin da zai iya sayar masa. Da yawansu ma da takalmin roba na kasuwa suke hawa, irin wanda Bature ba zai yarda ya je shago da shi ba.

Ba a maganar dutsen nan a tsallake Sarah Etonge. 'Yar Buea ce, uwar 'ya'ya bakwai, ba ta yi karatu mai zurfi ba. Ta lashe gasar mata sau bakwai tsakanin 1996 da 2005, huɗu daga ciki a jere, har aka naɗa mata laƙabin Sarauniyar Dutse, garin kuma ya kafa mata mutum-mutumi. Abin da ya fi burge ni a labarinta shi ne ta fara cin gasa a shekarun da wasu 'yan wasa ke tunanin ajiye takalmi, bayan haihuwa da raino da aikin gona. Ta nuna wa matan yankin cewa akwai abinci a ƙafarsu, kuma sun ji.

Na ce abinci da gangan. Wanda ya zo na ɗaya, namiji ko mace, yana karɓar sefa miliyan 10. A ƙauyen da manomi ke shekara bai riƙe rabin miliyan a hannu ba, wannan kuɗi gida ne, jari ne, kuɗin makarantar yara ne. Saboda haka mutum zai hau dutsen nan ko da zazzaɓi a jikinsa, ko da gwiwarsa ba ta warke ba, kuma ba zai faɗa wa kowa ba. A nan ne nake da magana da masu shirya gasar.

Ranar 24 ga Fabrairu 2024, wani ɗan Kenya, Charles Kipsang, wanda ya daɗe a sahun gaba a tseren ranar, ya ƙarasa da ƙyar, ya yanke jiki ya faɗi bayan ya haye layin ƙarshe, kuma bai tashi ba. Mutuwa tana hannun Allah, babu mai ja. Amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Gasar da ke kai mutum mita 4,000 ta dawo da shi cikin zafin rana tana bukatar gwajin zuciya na gaske kafin a ba kowa lamba, da likita a kowane zango wanda ke da ikon ya ce wa ɗan tsere, ko shi ne a gaba, "Tsaya nan, ka gama." Tana bukatar hanyar sauko da wanda ya karye a zango na uku cikin gaggawa. Tana bukatar a bi 'yan tsere bayan an watse, domin naman jikin da ya farfashe a saukowa na iya toshe ƙoda, alamarsa fitsari ya koma kalar shayi, kuma sau da yawa sai mutum ya koma masauki abin ke bayyana. A ganina, kuɗin da ake kashewa a rumfar manyan baƙi da jawabai ya isa ya yi rabin wannan aikin.

Shekara guda kafin nan, ranar 25 ga Fabrairu 2023, abubuwa suka fashe a gefen titi jim kaɗan bayan an tashi, mutane kusan 20 suka ji rauni, wata ƙungiyar 'yan aware ta ɗauki alhaki. Rikicin yankunan masu magana da Ingilishi, wanda ya faro a 2016, ya mai da tseren wani abin ja-in-ja. Gwamnati na son a gudanar da shi don duniya ta ga Buea lafiya lau take, 'yan bindiga na son hana shi don duniya ta ga akasin haka. Wanda ke tsakiya shi ne ɗan tseren da ya taso daga ƙauyen da yaƙin ya fi ci, ya ratso shingayen ɓangarorin biyu don ya zo ya nemi na kansa. Aka ci gaba da tsere a ranar, aka raba kofi. Ni dai ban ga ribar da aka ci ba a dasa bam a hanyar mai takalmin roba.

Akwai kuma waɗanda ba a ambata a jawabin ranar gasa. Littattafai na cewa Richard Burton na Ingila da masanin tsirrai Gustav Mann na Jamus ne suka hau dutsen a tsakanin 1861 da 1862, sai Mary Kingsley a 1895, wadda ta hau da damina ta iske hazo ya rufe ko'ina. Amma mafarautan Bakweri da masu neman zuma sun riga su sanin inda ruwa yake da inda kogo yake, kuma su ne suka nuna hanya suka ɗauki kaya. Jikokinsu ne 'yan jagora da 'yan dakon yau, masu hawa da jarkar ruwa a ka zuwa zangon da ɗan tsere zai kurɓa ya wuce. A al'adar Bakweri dutsen yana da mai shi, wanda suke kira Efasa Moto, kuma sarakunan gargajiya kan yi nasu al'adun a gindin dutse kafin a tashi. Mu ba addininmu ba ne, amma akwai wata ƙa'ida a cikin labarin da kowa zai amfana da ita: an ce mai hawa ya ci abin da ya samu a kan dutsen ya ƙoshi, amma kada ya ɗauko ya sauko da shi. Ina ma a ƙara da cewa kada kuma ya bar ledarsa da robar ruwansa a can.

Domin dutsen ya fi hanyar tsere faɗi nesa ba kusa ba. Tun 2009 aka mai da shi gandun daji na ƙasa, kimanin hekta 58,000. Wanda ya isa ƙololuwa ba dole ne ya dawo ta inda ya hau ba. Akwai hanyar da ke gangarawa ta ɗaya gefen, ta ratsa ramukan da aman wutar 1999 ya bari, baƙaƙe ƙirin, ta sauka a maɓuɓɓugar da ake kira da sunan Mann, daga nan ta shiga daji ta ɓulla ƙauyen Bokwaongo. Ta fi tsawo, ta fi sauƙi a gwiwa, kuma masu gudun daji da ke neman kallo sun fi son ta. A dazukan gefen yamma akwai giwaye, akwai wata fakara da babu irinta ko'ina a duniya sai a nan. Akwai kuma ƙaramin dutsen Etinde mai kallon Limbe, mita 1,700 da 'yan kai, gajere amma santsi gare shi. Duk wanda zai je ya nufi rani, daga Nuwamba zuwa Maris. Da damina kuwa a haƙura, domin ƙauyen Debundscha da ke gindin dutsen ta gefen teku na samun ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara, fiye da abin da Kano ke samu a shekara goma. Kuma hukumar gandun ba ta barin kowa ya hau ba tare da ɗan jagora ba, wanda daidai ne.

Mu a wannan gefen iyaka mun taɓa gwada irin wannan. A 2005, zamanin gwamna Donald Duke, jihar Kuros Riba ta fara tseren dutsen Obudu, kilomita 11 na hawa zalla, da kyautar dala 50,000 ga na ɗaya. Kuɗin ya jawo zakarun duniya, 'yan Habasha da Kenya suka yi ta kwasa, har aka fara gasar hawan dutse ta Afirka a wurin a 2009. Da gwamnati ta sauya, aljihu ya yi sanyi, sai abin ya yi shiru. Ta Buea kuwa ta haura shekara 50, ta tsallake janyewar kamfanin da ya kafa ta, ta tsallake aman wuta da yaƙi, domin mutanen gari sun ɗauke ta tasu, kuma 'ya'yansu ne ke cin ta. Muna da 'yan gudun Pankshin a Filato, muna da tuddan Gembu, muna da hanyoyin dutse da kakannin mutanen Sukur suka shimfiɗa a ƙasar Madagali. Idan wata jiha ta tashi shirya nata, shawarata ta fara da ƙaramar kyauta da za ta iya biya kowace shekara, da likita a hanya, da yaran ƙauyukan da ke gindin dutsen a layin farko.